Yadda zaka tsara farashi gwargwadon halin mutane ba tare da ka karya jarinka ba

Na taɓa faɗawa wannan ramin da kaina, shiyasa in naga wani ya nufe shi bana iya yin shiru. Lokacin da na fara koyar da mutane kwamfuta tausayi ya ɗebe ni na ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ban yanka kuɗi ba ban sa ƙa'ida ba, a tunanina masu hali zasu bayar da yawa su rufe na marasa hali. Wata huɗu kacal aka yi kuɗin haya ya gagare ni. Kuma abin haushin ba marasa halin bane suka karya ni, su da yawansu har ƙoƙartawa suke su kawo fiye da ƙarfinsu saboda kunya, waɗanda na san suna da shi ne suka riƙa miƙo ɗan abin da ko kuɗin wuta bai kai ba, toh ai ni na ce abin da ya sawwaƙa, me zan ce musu?

Abin da nake nufi da farashi gwargwadon hali shi ne aiki ɗaya ne, amma kuɗin hawa-hawa, mai ƙaramin samu ya biya kaɗan, mai matsakaici ya biya daidai, mai yalwa ya ɗan ɗora. Ana yinsa a asibitoci, makarantu, wajen lauyoyi, masu lesin, masu renon yara, masu koyar da sana'a. Yana aiki sosai, amma sai in ka fara da kalkuleta kafin ka saurari zuciyarka.

Kafin komai ka duba ko abin da kake sayarwa ma ya dace da tsarin. In kaya ne da mutum zai iya ɗauka ya fita ya sayar wa wani, ka haƙura kawai, domin wanda ka yi wa rangwame zai saya a 60 ya sayar wa mai kuɗin a 90, kai kuma ka zauna kana jiran mai biyan 150 da bazai taɓa zuwa ba. Tsarin na aikin da ke manne a jikin mutum ne, kamar duba mara lafiya, karatu, aski, gyaran haƙori, shawarar lauya, abin da ba'a iya sayar da shi gaba.

Yanzu lissafi. Ka samu takarda ka rubuta duk abin da kake kashewa a wata, haya, wuta, kayan aiki, data, albashin yaran da ke taya ka, kuɗin gyaran abin da ya lalace, haraji in akwai, sannan ka rubuta albashinka kai ma. Wannan na ƙarshen shi mutane suke tsallakewa, wai ai ni ne mai wajen. Toh mai wajen baya cin abinci ne? In baka sa kanka a lissafi ba, kai ne zaka zama wanda ke biyan rangwamen kowa daga aljihunka, kuma ranar da ka gaji ka rufe wajen har marasa halin da ka ce kana taimako sun rasa.

Zan yi misali da lamba zalla, kai ka mayar da ita kuɗin da kake amfani da shi. A ce duka-duka kana kashe 3000 a wata, kuma mutum 30 kake yi wa aiki. Kenan kowane mutum ɗaya 100 yake ci maka. Wannan 100 ɗin shi ne ainihin farashinka, ka riƙe shi da kyau don komai a kansa zai tsaya. Sai ka ce bari in yi hawa uku, 60 da 100 da 140, a ido kamar ya yi daidai tunda ka sauke 40 a ƙasa ka ɗora 40 a sama. Amma mutane basa rabuwa daidai wa daida. A ce mutum 10 suka zaɓi 60, mutum 12 suka biya 100, mutum 8 ne kawai suka biya 140. Ka tara, 600 da 1200 da 1120, ya kama 2920, ka ga akwai giɓin 80 duk wata kuma baka ma san ta inda yake zurarewa ba. Yadda ake yi shi ne ka fara lissafa ramin tukuna, mutum 10 sau 40 ramin 400 kenan, sai ka raba wa mutum 8 na sama, kowa 50, kenan hawan sama 150 ya kamata ya zama ba 140 ba.

Ko haka ɗin ma ka tsaya ne a bakin gaɓa. In biyu daga cikin masu biyan 150 suka yi tafiya ko suka daina zuwa, haya bazata ragu ba, wuta bazata ragu ba, ka tashi da 2700 alhali kana bukatar 3000. Shiyasa ni yanzu nake ɗora kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin da nake kashewa kafin in raba, wato in yi lissafi da 3300, sai farashin tsakiya ya koma 110. Watan da abu ya yi kyau rarar ta zauna a gefe, watan da ya yi tsami a taɓa ta.

Abu na biyu da ya cece ni shi ne ƙayyade gurbin rangwame. Ka yanke tun farko cewa kujera 10 ce kawai ta hawan ƙasa, in ta cika ta cika, mai zuwa na 11 ya shiga layin jira ko ya ɗauki hawan tsakiya ya biya kashi-kashi. Na san da zafi ka kalli mutum ka ce masa babu gurbi, ni ma har yau bana jin daɗinsa, amma in ka bar ƙofar a buɗe labari zai bazu, wata uku masu biyan 60 sun zama mutum 20, kuma babu lissafin da zai ɗauki wannan.

Kar ka ce ai mutane suna da kirki zasu biya da kansu. Manyan da suka fi mu jari sun gwada. Kamfanin gidajen abinci na Panera a Amurka ya fara buɗe wasu shaguna a 2010 inda ake rubuta farashi a matsayin shawara kawai, kowa ya saka abin da ya ga dama a akwati, sun kai shago biyar, ɗaya bayan ɗaya suka rufe, na ƙarshen a Boston ya rufe a 2019 saboda kuɗin da ke shigowa baya riƙe wajen. Gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke Niyok shekara kusan 50 yana barin mutane su biya abin da suka so, amma su da kansu suka faɗa cewa a 2004 kashi 63 cikin 100 na baƙi ne ke biyan cikakken kuɗin da aka ba da shawara, kafin 2017 ya faɗo zuwa kashi 17. A watan Maris na 2018 suka wajabta dala 25 a kan yawancin manyan da ba mazauna jihar Niyok ba. Ka ga bambancin biya abin da ka ga dama da biya gwargwadon halinka kenan, na farkon ba shi da ma'auni, na biyun akwai lamba a rubuce da kuma dalilin da ya sa ka faɗa wannan hawan ba wancan ba.

Toh ta yaya zaka san wa ya dace da wane hawa? Nan ne rigimar take, kuma nan zan ɗan daɗe.

Hanya ta farko ita ce ta takarda, mutum ya kawo shaidar albashi ko bayanan asusun banki. Cibiyoyin lafiya na unguwanni da gwamnatin tarayyar Amurka ke tallafawa haka suke yi, kuma tsarinsu abin koyi ne ko da bazaka kwafe shi duka ba. Suna auna abu biyu ne, kuɗin shigar gida da yawan mutanen gidan, sai su gwada da ma'aunin talauci da gwamnati ke fitarwa duk shekara. Wanda yake daidai ma'aunin ko ƙasa da shi ɗan abu kaɗan yake biya ko ma a yafe masa, wanda ke tsakanin ma'aunin da ninkinsa biyu ana masa rangwame hawa-hawa, aƙalla hawa uku a tsakanin, wanda ya haura ninki biyu ya biya cikakke. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne yawan bakin da ke ci. Mai samun 1000 shi kaɗai da mai samun 1000 da ke ciyar da mutum bakwai ba ɗaya suke ba ko kaɗan, in ka duba samu kawai ka manta da nauyi ka zalunci na biyun.

Matsalar takarda ita ce mafi yawan waɗanda suka fi bukatar rangwamen basu da ita. Mai aikin yini, mai ƙaramar sana'a, matar da ke ɗinki a gida, wa zai basu shaidar albashi? Sannan akwai wanda albashinsa a takarda kaɗan ne amma yana da gidajen haya uku. Don haka in wajenka ƙarami ne ni bana ba da shawarar tara takardun mutane, ga nauyin ajiye sirrinsu ma, in suka ɓace ko wani ya gani kai ne a ciki.

Hanya ta biyu, wadda nake bi yanzu, ita ce mutum ya zaɓa da kansa amma bayan ya karanta bayanin kowane hawa. Ba lambar samu kake rubutawa ba, yanayin rayuwa kake rubutawa. Misali a ƙarƙashin hawan ƙasa ka sa, wannan naka ne in kana yawan rasa yadda zaka haɗa kuɗin haya da na abinci a wata ɗaya, ko ba ka da aiki tsayayye, ko in rashin lafiya ta zo sai ka ci bashi. A ƙarƙashin na tsakiya, kana biyan bukatunka na wata ba tare da bashi ba amma ba wani ajiya mai yawa. A na sama, kana da ajiya, kana iya tafiya ko sayen sabuwar waya ba tare da ka taɓa kuɗin abinci ba. Wallahi wannan ɗan rubutun ya canza min abubuwa da yawa, domin mai hali in ya karanta bayanin hawan ƙasa ya ga ba shi ake nufi ba, da wuya ya iya sa hannu a wajen, a da kuwa da ba'a rubuta komai ba babu abin da zai ji kunyarsa. Za'a samu masu cuta, ɗaya ko biyu, ka sa su a lissafin asara kamar yadda kake sa kayan da ke fashewa, kar ka mayar da kowa ɓarawo saboda su.

Abin da zan roƙe ka kar ka yi shi ne yanke wa mutum hawa da ido. Ka ga shiga mai kyau ka ce wannan mai kuɗi ne, ka ga silifas ka ce wannan talaka. Akwai mai rufin asiri da rigarsa ɗaya ce ta fita kunya kuma ita ya sako don zai zo wajenka, akwai kuma mai dukiyar da baya damuwa da sutura. Balle a je ga ƙabila ko addini ko yaren mutum, wannan ban da rashin adalci a ƙasashe da yawa ma laifi ne a doka. In sana'arka irin wadda hukuma ke sa ido a kai ce kamar lafiya ko makaranta ko wadda inshora ke biya, ka tambayi ƙa'idar wajenku kafin ka fara, wasu wuraren akwai dokar yadda ake rangwame.

Akwai wani abu kuma da ke haddasa gunaguni, bakin layi. In ka ce mai samun 500 zuwa ƙasa ya biya 60, daga 501 ya biya 110, toh wanda ya ɗara da 1 tak ka ɗora masa 50, gobe kuwa zai ce maka 499 yake samu, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Maganin shi ne ko ka ƙara hawa ɗaya a tsakani don tsallen ya ragu, ko ka yi amfani da kaso maimakon layi. Mutanen Finlan sun daɗe da gane wannan, tun 1921 suke cin tara gwargwadon samun mutum. Yadda suke yi a yanzu, a ɗauki abin da ya rage maka a wata bayan haraji, a cire yuro 255 na bukatun yau da kullum, a raba sauran gida 60, abin da ya fito shi ne tararka ta kwana ɗaya, a ɗan rage saboda kowane yaro da ke wuyanka, sai a ninka da yawan kwanakin da laifin ya cancanta. Babu tsalle ko ɗaya, samu na hawa tara na hawa a hankali. Da haka ne a 2002 aka ci wani babban darakta na Nokia, Anssi Vanjoki, tarar yuro 116,000 don ya yi gudun kilomita 75 a awa a babur inda aka ƙayyade 50 a Helsinki. Kai dai ba tara kake ci ba, kuma in ka yi kaso dole ka sa ƙasa ka sa sama, kar ya gaza kaza kar ya wuce kaza, in ba haka ba mai kuɗin zai tafi inda farashi ɗaya ne, shi ba dole aka masa ya zo wajenka ba. Ni dai bana barin hawan sama ya wuce abin da irin aikina ke kamawa a kasuwa da nisa.

Labarin Vanjoki yana da ƙarashe mai amfani, ya je kotu ya nuna cewa da tsohon samunsa aka yi lissafin kuma samun ya faɗi, aka rage tarar sosai. Hali yana canzawa. Wanda ya shigo a hawan ƙasa bara ƙila ya samu aiki bana, wanda ke biyan na sama ƙila an sallame shi. Ka faɗa tun ranar farko cewa duk wata shida za'a sake cike ɗan fom ɗin zaɓen hawa, kowa da kowa, don kar wani ya ji shi kaɗai aka sa wa ido.

Sai maganar mutunci, wadda in ka ɓata ta duk lissafin nan ya tashi a banza. Kar ka kira hawan ƙasa na talakawa ko na mabukata, ka ce farashin rangwame, cikakken farashi, farashin tallafawa. Ka rubuta cikakken farashin a farko da manyan baƙi don kowa ya san shi ne ainihin kuɗin aikin, ka kuma faɗa a fili cewa ƙarin da na sama ke biya shi ke riƙe kujerun rangwame, mutane sun fi sakin kuɗi in sun san inda yake zuwa. Maganar kuɗi a yi ta a keɓe ko ta WhatsApp, ba a gaban layi ba, kuma yaronka na kanta kar ya kuskura ya ɗaga murya ya ce ai ke ta 60 ce. A risit ka rubuta cikakken kuɗin, ka rubuta rangwamen, ka rubuta abin da aka biya.

Kuma aikin ya zama iri ɗaya. Asibitin ido na Aravind a Madurai ta Indiya, wanda Dakta Govindappa Venkataswamy ya buɗe a 1976 da gado 11 bayan ya yi ritaya, a nan ya yi fice. Mara lafiya shi ke zaɓar ko zai biya ko kyauta, mai biya yana samun ɗaki mai kyau da sauran jin daɗi, amma likitocin da ke yi wa masu biya tiyata su ne dai ke zagayawa su yi wa na kyauta. Bambancin a ɗaki yake, ba a ido ba. Sannan basu tsaya jiran masu kuɗi kawai ba, sun matse abin da kowace tiyata ke ci, har a 1992 suka kafa masana'antarsu ta yin ɗan gilashin da ake sawa a ido bayan cire yana, don na waje ya yi tsada. Kai ma duk abin da ka rage daga 100 ɗin nan ba tare da ka taɓa ingancin aiki ba, ƙarin kujerar rangwame ce ka samu. In kana so ka ba na sama wani abu ka basu zaɓin lokaci ko makamancin haka, kar ka rage wa na ƙasa minti ko kulawa, suna ganewa.

'Yan uwa da abokai kuwa, hmm. Su ne zasu fara cewa a sa su a na 60 alhali ka san abin da suke samu. Abin da nake yi shi ne in tura musu takardar bayanin kamar kowa in ce yaya karanta ka zaɓa, kujerun rangwamen guda 10 ne kuma akwai masu jira. Yawanci daga nan maganar take mutuwa. In kuma kana so ka yi wa ɗan uwanka alheri ka yi masa daga albashinka, ka biya masa cikon da hannunka ka rubuta a littafi, kar ka cinye gurbin wani.

Ka fara da gwajin wata uku, ka kuma faɗa wa mutane gwaji ne don in ka gyara lambobin kar a ce ka canza magana. Duk ƙarshen wata ka rubuta abu uku a littafi, mutum nawa ne a kowane hawa, nawa ya shigo gaba ɗaya, sannan in ka raba da yawan mutanen nawa ya kama kowane kai. In wannan lambar ta ƙarshe ta yi ƙasa da ainihin farashinka wata biyu a jere, ka dakatar da karɓar sababbin masu rangwame har ta dawo, waɗanda ke ciki kuma ka barsu a yadda kuka yi da su har wa'adin wata shidansu ya cika.